Adon Magana da Aikatau Masu Rakiya a Turanci: Yadda Mai Jin Hausa Zai Fahimce Su

A ƙarshen watan Maris na 2023, lokacin da kamfanin man fetur na ƙasa, NNPC, ya fara haƙa rijiyar neman mai ta Ebenyi-A a Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, jaridun Turanci na ƙasar nan sun ba da labarin da wasu kalmomi da suka yi ta maimaituwa, wato “flag off” da “spud in”. Ɗalibin sakandare a Obi da ya buɗe ƙamus ya nemi “flag” zai tarar da tuta, ya nemi “off” ya tarar da ma'anar cirewa ko kashewa. In ya haɗa su sai ya sami cire tuta, alhali abin da ake nufi shi ne ƙaddamar da aiki. “Spud” kuwa a hirar yau da kullum ta mutanen Ingila laƙabin dankalin Turawa ne, amma a bakin ma'aikatan mai “spud in” na nufin fara huda ƙasa da injin haƙa.

Irin wannan haɗi na aikatau da wata 'yar gajeriyar kalma kamar “up”, “off”, “out” ko “in” shi ne Turawa ke kira “phrasal verb”. A nan za a kira shi aikatau mai rakiya, 'yar kalmar da ke biye da shi kuma 'yar rakiya. Ɗan'uwansa shi ne “idiom”, wato adon magana: jerin kalmomi da suka ɗaure wuri guda, ma'anarsu ba ta fitowa daga ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Idan Bahaushe ya ce wane yana da dogon hannu, ba tsawon hannunsa aka auna ba. Haka Bature idan ya ce wane “light-fingered” ne, ba nauyin yatsunsa yake magana ba. Duka biyun ɓarawo suke nufi.

Obi wuri ne da ya dace a dubi wannan batu daga cikinsa. Ƙaramar hukumar tana kudu maso gabashin Lafiya, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 148,000. Kada a rikita ta da wata Obi da ke Jihar Binuwai. Alago da Tibi da Migili da Eggon da Hausawa da Fulani duk suna zaune a cikinta, akasarinsu manoman doya da riɗi da shinkafa da rogo. Yaro na iya tashi da harshen iyayensa a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya taɓa Turancin Buroka a tasha, sannan ya shiga aji a yi masa darasi da Turanci. Wanda ya girma haka ya riga ya san cewa magana ba ta ƙetarawa daga harshe zuwa harshe kalma da kalma. Abin da ya rage shi ne a nuna masa yadda zai yi amfani da wannan sani a Turancin littafi.

Dalilin da ya sa abin ya zama dole

Babu ɗalibin da zai shiga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka buɗe a 2011, ko Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ba tare da kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu. A jarrabawar JAMB kuwa, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, Turanci ne darasin da ya wajaba a kan kowa, kuma shi ke da tambayoyi 60 cikin 180, sauran darussa uku kowanne 40. A duk waɗannan jarrabawa akwai tambayoyin da ake kawo jimla mai adon magana a ce ɗalibi ya zaɓi fassarar da ta fi dacewa, da waɗanda ake barin gurbi a ce ya cike da 'yar rakiyar da ta dace. A ɓangaren auna fahimta ma akan ɗauko wata magana daga cikin nassi a ce ya faɗi abin da take nufi. Masu tsara tambayoyin sun san inda ɗalibai ke tuntuɓe, shi ya sa cikin zaɓin da suke bayarwa akan tarar da fassarar kalma da kalma an ɗana ta kamar tarko.

Bayan jarrabawa ma abin bai ƙare ba. Takardar ofis da bayanin likita da sanarwar banki da kanun labarai duk cike suke da waɗannan kalmomi.

Asalinsu

Turanci harshe ne mai rumbu biyu na kalmomi. Akwai na gado, gajeru, irin su “put”, “give”, “get”, “come” da “go”. Akwai kuma dogaye da suka shigo daga Faransanci da Latin, musamman bayan Normandawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da kotu. Shi ya sa sau da yawa ma'ana guda take da hanya biyu: “put off” da “postpone” duka ɗagewa ne, “find out” da “discover” ganowa, “give up” da “surrender” miƙa wuya. Ta farko ita ce ta hira da jarida, ta biyu ta takardun hukuma. Mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan, domin ya san bambancin “ya mutu” da “ya yi wafati”, ko “bincike” da “bahasi”, inda ta biyu ta zo daga Larabci ta kuma fi nauyi a kunne.

Tun a 1755 Samuel Johnson, a gabatarwar shahararren ƙamusunsa, ya lura cewa wannan haɗi na aikatau da 'yar rakiya shi ne ke ba baƙin harshen wahala mafi girma. Sunan “phrasal verb” kuwa bai bazu ba sai bayan Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a littafinsa na 1925. Ke nan ɗalibin da ke kokawa da su a yau ba shi ne farau ba.

Hausa ma tana da nata

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, aikin da Turanci ke yi da 'yar rakiya, Hausa tana yin kusan irinsa da ƙarshen aikatau. A 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, abin da ɗaliban nahawu ke kira giredi. A ɗauki “saya”. Idan aka ce “sayo”, an saya an kawo nan. Idan aka ce “saye”, an saya duka ba a bar komai ba. Idan aka ce “sayar”, abin ya fita daga hannun mai shi. Saiwar kalmar ɗaya ce, wutsiyarta ce ke juya ma'ana, kuma duk yaron da ke jin Hausa yana yin wannan juyi ba tare da an koya masa ba.

Sai a ɗora wannan a kan Turanci. 'Yar rakiyar “up” sau da yawa tana nuna an yi abu gaba ɗaya, kamar dai ƙarshen “-e” na Hausa. “Eat” ci ne, “eat up” cinyewa. “Drink” sha, “drink up” shanyewa. Idan 'yan kasuwa suka shigo Obi bayan girbi suka kwashe riɗin da ke kasuwa, Bature zai ce “they bought up the sesame”, Bahaushe ya ce sun saye riɗin. Rafin da ya ƙafe da rani “dried up” ya yi. A duk waɗannan babu maganar sama, ko da yake ma'anar “up” ta farko a ƙamus ita ce sama.

'Yar rakiyar “away” tana tafiya da ƙarshen “-ar”, inda abu ke barin hannun mai shi: “throw away” jefarwa ko yarwa, “pour away” zubarwa, “give away” bayarwa kyauta. A maganar shiga da fita kuwa, abin da Hausa ke nunawa da “-o” Turanci na nuna shi ta zaɓi tsakanin “come” da “go”. “Go out” fita, “come out” fito. “Go in” shiga, “come in” shigo. “Go down” sauka, “come down” sauko. Haka “bring back” dawo da abu ne, “take back” mayar da shi.

Sauran ma kowace da inda ta fi karkata. “Out” na nuna fita ko ƙarewa, shi ya sa idan taki ya ƙare a shago ake cewa “it has run out” ko “it is sold out”. “Off” na nuna yankewa ko rabuwa, kamar “cut off” katsewa, “lay off” sallamar ma'aikata, “set off” kama hanya. “On” na nuna ɗorewa, kamar “carry on” da “go on”, waɗanda Hausa ke cewa ci gaba.

Ita kanta “ci gaba” ta isa misali na biyu. Hausa na ɗaukar aikatau guda ta haɗa shi da kalmomi daban-daban ta fitar da ma'anonin da ba su da alaƙa da juna. Ana cin abinci, ana cin amana, ana cin bashi, ana cin jarrabawa, ana cin zarafi, ana cin karo, ana cin kasuwa. Ana shan ruwa, ana shan wahala, ana shan kaye, ana shan alwashi, ana shan iska. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sai da suka ba “ci” da “sha” fili mai yawa saboda haka. Baturen da ke koyon Hausa yakan rasa gane yadda mutum zai “ci” jarrabawa ya yi murna, ya “sha” kaye ya yi baƙin ciki. Ruɗanin da yake ciki shi ne na Bahaushen da ya tarar “make up” na nufin shiryawa bayan faɗa, da ƙirƙirar ƙarya, da kwalliyar fuska, da kuma haɗuwa a tashi adadi guda. Dukansu biyu mafitarsu ɗaya ce: a riƙe haɗin a matsayin kalma guda, a kuma bar jimla ta nuna wace ma'ana ake nufi.

Sai dai kada a ja kwatancin ya wuce iyakarsa. Akwai aikatau masu rakiya da yawa da ba su bi wannan tsari ba. “Put up with” haƙuri da abu ne, “bring up” renon yaro ko tayar da magana, “look up” neman kalma a ƙamus, “turn up” bayyana a wuri. Irin waɗannan babu dabara sai hadda da yawan gamuwa da su.

Ƙa'idojin da ake yawan karyawa

Wasu aikatau masu rakiya suna yarda a raba su, wasu ba sa yarda. Ana iya cewa “turn off the light” ko “turn the light off”, duka daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: “turn it off”, ba “turn off it” ba. “Look after”, kula da wani, ba a raba shi ko kaɗan, sai dai “look after him”. Masu kalma uku irin su “run out of” da “put up with” su ma a ɗaure suke.

Akwai kuma kuskuren da ke ɓata wasiƙun neman aiki da na jarrabawa. Bayan “look forward to”, aikatau na ɗaukar “-ing”, don haka “I look forward to hearing from you” ake rubutawa, ba “to hear” ba. Idan kuma haɗin ya koma suna, yawanci akan rubuta shi a haɗe ko da karan ɗori: mota na iya “break down”, amma lalacewar ita ce “breakdown”.

A kanun labarai

Masu fassarar labarai sun fi kowa sanin yadda 'yar rakiya guda ke juya labari. “Call off” janye yajin aiki ne, “call out” kuwa kiran ma'aikata su fita yajin. A watan Oktoba na 2022, bayan yajin aikin wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara a watan Fabrairu, kalmar da ƙungiyar ta zaɓa ita ce “suspend”, wato dakatarwa, wadda ke barin ƙofar komawa a buɗe. Wanda ya fassara ta da janyewa ya ƙara abin da ba a faɗa ba.

Misali mafi shahara a tarihin siyasar Najeriya shi ne na Agustan 1993, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya bar mulki bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Bai ce “step down” ba, wato sauka. Cewa ya yi “step aside”, komawa gefe, kuma shekaru da yawa bayan haka masu sharhi suna ta fashin baƙi a kan ko wanda ya koma gefe yana da niyyar dawowa.

A asibiti abin ya fi haɗari. “Pass out” suma ne, “pass away” rasuwa, kuma tsakaninsu kalma ɗaya ce. Don a ƙara rikita lamarin, “pass out” na da wata ma'ana ta kammala horo, wadda aka gada daga sojan Birtaniya, shi ya sa bikin sallamar masu yi wa ƙasa hidima na NYSC ake kiransa “passing out”. Wanda ya suma idan ya farfaɗo an ce “come round”, wanda ya yi amai kuma “throw up”. Duk mai rakiyar majinyaci zuwa asibiti a Lafiya ko Makurɗi zai amfana da sanin waɗannan ƙalilan.

Adon magana: masu 'yan'uwa da masu yaudara

Yawancin adon maganar Turanci da karin maganarsa suna da takwara a Hausa, hoton ne kawai ya bambanta. Inda Bature ya ga tsuntsu a hannu ya fi biyu a daji, “a bird in the hand is worth two in the bush”, Bahaushe ƙwai ya gani a baka ya fi kaza a akurki. “There is no smoke without fire” shi ne ruwa ba ya tsami banza. “Out of the frying pan into the fire” shi ne an gudu ba a tsira ba. “Turn a deaf ear” kunnen uwar shegu, “turn a blind eye” kau da kai, “beat about the bush” kewaye-kewaye, “let the cat out of the bag” fasa ƙwai. “Strike while the iron is hot” kuwa ko hoton bai canza ba, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe a kowace maƙera. Ɗalibin da ya rataya kowane adon magana na Turanci a jikin takwaransa na Hausa ba zai yi saurin mantawa ba, kuma wanda ke jin Alago ko Tibi ko Migili yana da ƙarin maratayi a harshen gidansu.

Masu yaudara su ne waɗanda suka yi kama da na Hausa a kalma amma suka saɓa a ma'ana. Jan ƙafa a Hausa jinkiri ne da gangan, takwaransa shi ne “drag one's feet”. “Pull someone's leg” kuwa, duk da ja da ƙafa da ke cikinsa, zolaya ce. Baƙin jini rashin karɓuwa ne a wurin jama'a, amma “bad blood” gaba ce tsakanin mutum biyu. Dogon hannu sata ne, amma “the long arm of the law” ikon hukuma ne na kamo mai laifi duk inda ya ɓuya. “Cold feet” ba ruwansa da sanyin hunturu, tsoro ne da ke sa mutum ya ja da baya dab da aiwatar da abu.

Akwai kuma maganar ladabi, wadda littattafan shirin jarrabawa kan yi watsi da ita. Sukan jera “kick the bucket” su rubuta mutuwa a gabansa su wuce. Ma'anar daidai ce, amma nauyinsa irin na “ya sheƙa barzahu” ne, ba irin na “ya riga mu gidan gaskiya” ba. Wanda ya saka shi a wasiƙar ta'aziyya ya ci fuskar mutanen gidan. Shi kuwa “raining cats and dogs”, ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk ɗalibin Najeriya ya san shi, amma a Ingila kanta ya tsufa, ba kasafai ake jin sa a hira ba. Cusa adon magana a kowane sakin layi na insha'i ma ba ya burge mai dubawa. Guda ɗaya a mazauninsa ya fi biyar da aka tilasta.

Turancin Najeriya da Turancin jarrabawa

A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya. Cikinsu akwai “flag off” da aka ambata a sama, da “Kannywood”, da “rub minds”, wato haɗa kai a tattauna, da “put to bed”, wato haihuwa, da “eat money”, wanda duk mai jin Hausa zai gane cin kuɗi ne, magana da ke cikin harsunan ƙasar nan da dama. A Janairun 2025 an ƙara wasu, har da “japa” da “suya” da “cross-carpet”, wato sauya sheƙa a siyasa. Masana irin su David Jowitt, wanda ya koyar a Kano da Jos ya kuma wallafa littafi kan Turancin Najeriya a 1991, da Farooq Kperogi a littafinsa na 2015, sun daɗe suna nuna cewa wannan Turanci yana da tsarinsa.

Shigarsu ƙamus shaida ce cewa 'yan Najeriya na amfani da su, kuma babu abin kunya a ciki. Amma ba ta sa mutumin Landan ya fahimce su yadda ake nufi ba. A can, “put to bed” kwantar da yaro ne ya yi barci, ko kammala aikin jarida a tura ta ɗab'i. “Take in”, da ake faɗa a nan idan mace ta sami juna biyu, a can yaudara ce, ko fahimtar bayani, ko ba wani masauki. Ma'aikaciyar jinya da ta tafi aiki waje da ɗalibin da ke rubuta jarrabawa duka suna bukatar sanin wanne ne na gida, wanne ne na ko'ina.

Ban da waɗannan akwai waɗanda malaman Turanci ke ja wa jan layi. Ana cewa “cope up with” maimakon “cope with”, da “discuss about” maimakon “discuss” kawai. Ana cewa “round up” idan za a rufe jawabi, alhali “round off” ne, domin “round up” tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi. A adon magana kuma an saba jin “more grease to your elbow” a madadin “more power to your elbow”, da “birds of the same feather” a madadin “birds of a feather”, da “cut your coat according to your size” a madadin “according to your cloth”. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin canjin ya ɓata hikimar. Maganar ba ta girman jikin mai riga ba ce, ta yawan yadin da ke hannunsa ce, wato daidai ruwa daidai tsaki. Adon magana ɗaurarre ne a kowane harshe. Wanda ya ce ƙwai a hannu ya fi kaza a akurki, kowa zai gane nufinsa, kowa kuma zai san bai iya ba.

Ta ina za a fara?

Yawansu na iya karya gwiwa, domin ƙamusun da aka keɓe musu na ɗauke da dubbai. Amma bincike ya nuna kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. A 2007 Dee Gardner da Mark Davies sun tantance wani rumbun rubutu da maganganun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Sun gano cewa aikatau 20 kacal, idan aka haɗa su da 'yan rakiya takwas, su ne fiye da rabin duk aikatau masu rakiya da suka bayyana a rumbun, kuma mai karatu zai riƙa cin karo da ɗaya a kusan kowace kalma 150. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka fitar da jerin guda 150 da aka fi amfani da su, tare da ma'anonin da suka fi yawa na kowanne. Ɗalibin da ya riƙe uku a mako daga aji huɗu na sakandare zai gama da su tun kafin ya kai ajin ƙarshe.

Haddace su a jeri bisa haruffa, “get about, get across, get ahead”, ita ce hanyar da aka fi bi, kuma ita ce mafi saurin zubewa, saboda kamanninsu na sa su cakuɗe. Ya fi a tara su bisa 'yar rakiya, kamar yadda aka nuna a sama, ko bisa sha'anin da mutum ya sani. Ɗan manomi na iya gina jimlolinsa a kan gona da kasuwa: damina ta kankama, “the rains have set in”, farashin doya ya tashi ko ya sauka, “gone up” ko “come down”, an biya bashin taki, “paid back”, an ɗage taron ƙungiya, “put off”. Jimlar da mutum ya gina da kansa a kan abin da ya shafe shi ta fi zama a kai fiye da ta littafi. Sauraron labarai guda a harshe biyu, na Turanci sannan na Hausa, shi ma makaranta ce kyauta, domin mai sauraro zai ji yadda “swear in” ya koma rantsarwa, “hand over” miƙa mulki, “break out” ɓarkewa, “rule out” kawar da yiwuwar abu.

Dangane da ƙamus, na Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya assasa aka kuma fara buga shi a Ingila a 1948, shi ne aka fi samu a makarantun ƙasar nan, kuma yanzu ana iya duba shi a intanet ta wayar hannu. Yana jera aikatau masu rakiya a ƙarshen bayanin babban aikatau, don haka mai neman “put off” sai ya je “put” ya gangara ƙasa. Yana sa alamar kibiya mai kai biyu a kan waɗanda ake iya rabawa, yana kuma nuna ko magana ta hira ce, ko ta hukuma, ko tsohuwar yayi. Adon magana yawanci ana samun sa a ƙarƙashin babbar kalma ta farko da ke cikinsa. Mai son ma'anar da Hausa kuma zai sami taimako a Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, da ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da aka buga a 1990, wanda ke kawo aikatau masu rakiya da yawa tare da jimlolin misali.